Bakaniken Kwari

Babur ɗin na mahaifina ne. Wani Bature na kamfanin kuza ne ya sayar masa da zai koma ƙasarsu, irin mai ƙananan tayoyin nan da faffaɗan gaba, wanda ake zama a kai kamar kujera. Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, yayyena maza suka dube shi, suka dubi juna, suka ce ni na fi cancanta. Na san ba ƙauna ce ta sa su ba, amma na karɓa hannu bibbiyu, don har lokacin sirdin yana ƙamshin turaren Baba.

Gidan Baba a kan tudu yake, saboda haka har ya koma ga Allah bai san babur ɗinsa ba ya tashi da kik ba. Sakin birki yake yi ya gangara, injin ya kama a hanya. Mu kuwa unguwarmu a Dilimi shimfiɗe take kamar faifai. Kowace safiya baban yara zai hau, ni in tsaya a soro, yara su yi ta turawa har bakin titi, su tafi makaranta da gumi cikin sanyin Jos.

Wannan a shekarun da sojoji ke shirin miƙa mulki ne, ni kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma. Baban yara tela ne a kasuwar Terminus, mutum mai son abu mai kyan gani. Ya kai babur ɗin wajen bakanike uku, kowanne da allonsa mai fenti, kuma kullum ya dawo yana washe baki.

"Kin ji shi? Kamar sabo! Wannan oga ya san aiki."

Washegari sai in ji yana kiran yara su zo su tura.

Bayan na ukun ya zauna a tabarma ya ce, "Uwar yara, haƙurina ya ƙare. Ranar Asabar masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ɗauke shi."

Na ƙara masa miya, na bari ya ci ya sha ruwa. Sannan na ce, "Malam, shi bakanike na farkon nan a ina garejinsa yake?"

"Kan tudun hanyar Kabong."

"Na biyun fa?"

"Sama da shi kaɗan."

"In sun gama gyara, kai kake tayarwa ko su?"

"Su mana. Su ɗan tura ni, in gangara..." Sai ya tsaya yana kallona, loma a hannu.

Na ce, "Ko turmina aka saki daga can, ai zai iso gida da gudu."

Ya harare ni. Na ce ni dai ban san fulogi ba, ban san kafireto ba, amma a wurin Baba na girma, na san aikin gangara. A nemo mana wanda garejinsa ke cikin kwari, inda babur ba ya fita sai da ƙarfin kansa.

Wata 'yar ajinmu ce ta yi mana kwatancen wani dattijo a bakin rafi, can ƙasa, wanda ba ya taɓa komai sai tsofaffin ƙananan babura. Zuwa bai yi wuya ba, gangarawa muka yi, ina zaune a baya a karkace ina riƙe da mayafi ina salati. Ba allo, sai rumfar kwano da babura kamar awaki a turke. Dattijon ɗan asalin ƙasar Jos ne, ba Bahaushe ba, Hausarsa ta kasuwa. Ya zagaya namu yana ɗingishi ya tsaya.

"Mama, kai ne mai shi? Wannan ya girme ni a aiki."

Baban yara ya gyara hula ya ce, "Oga, kana da tabbacin za ka iya?"

Dattijon ya nuna hawan da muka sauko da leɓe. "In ban iya ba, ni ne zan tura shi can. Ka ga ƙafata? Shi ya sa ba na wasa."

Ya ce a ba shi mako biyu, sai ya nemo wani abu a jikin wani mataccen babur. Asabar ta zo, masu ƙarfe suka yi sallama da amalankensu, na aika yara su ce musu mai gidan ya yi tafiya. Baban yara ya ce ƙarya na koya wa yara. Na ce babur nake nufi.

Ran da muka je ɗauka, baban yara ya buga kik sau ɗaya, injin ya amsa. Ya tsorata har ya saki hannu, injin ya mutu. Ya sake bugawa, ya sake tashi. Muka hau tudun nan a hankali, babur ɗin yana tari yana hayaƙi, wani mai keke ma ya wuce mu yana mana sannu, amma ba wanda ya sauka.

Da yamma na ji shi a ƙofar gida yana faɗa wa maƙwabta, "Ni fa ba na kai babur wajen bakaniken tudu. Dabarata ce tun da can."

Na ci gaba da tankaɗena. Yaran ne kawai suka yi ƙorafi, don turin nan shi ne hujjarsu ta makara.