Baba Sambo, Mai Zama a Kujerar Baya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai ƙare. Ranar Talata, 8 ga Afrilu 2025, ina lodin fasinja a tashar Aliero wani direba ya leƙo ta tagata ya ce Baba Sambo mai sifirin ya rasu da safe a gidansa na Jega Magaji. Na sauke mutanena, na ba su haƙuri.

Baba, duk direban da ke bin hanyar Jega zuwa Maiyama ya san yadda kake aiki. Ba ka taɓa sifirin ɗin bayan mota sai ka shiga kujerar baya, ka sa mai ita ya ja ka har Mungadi ya dawo, kana zaune shiru, idonka rufe. Muna yi maka dariya, muna cewa tsoho na son hawan banza. Kai kuwa sai ka ce direba ba ya jin abin da na baya ke sha.

Ranar da na kawo maka tawa, bayan mun dawo ka tambaye ni:

"Anas, mi kaka ɗauka da wagga mota? Mutane, ko albasa, ko iska?"

Na ce duka. Gaskiyar magana, ran Juma'a da yamma mukan yi tsere da samarin Aliero, kuma kullum ana barina baya. Na so ka ƙara mini ganyen sifirin biyu, bayan ya yi tauri, in na taka ta, ta tashi ba ta durƙusa ba. Ka ce a'a. Ka ce mai tauri na tsere ne da buhu, mai laushi na tsofaffi da masu ciki, in zaɓi ɗaya. Sai na buɗe baki a gaban yaranka da direbobi na ce, "Zamani ya wuce ka, Baba." Ka goge hannunka, ka miƙo mini makullina.

Na kai ta wani gareji aka yi mini yadda nake so. Sati uku bayan haka, kusa da Danwarai, na faɗa wani rami da ba shi da wani girma, bayan motar ya yi sama, Inna Gudiya mai ƙosai da ke kujerar baya ta bugu da rufi ta karye a ƙashin wuya. Har yau ba ta ɗaga tukunya.

Wata biyar ina wuce garejinka, ina kau da kai. Kunya ce, ba fushi ba. Kullum ina cewa sai na sami bakin magana. Kai kuma kullum kana ɗago mini hannu.

Jiya a wurin zaman makoki, a gaban direbobin da suka ji ni wancan karo, na durƙusa na faɗa wa ɗanka Murtala abin da na ce maka. Ya ce shi dai ya yafe, amma bai taɓa jin zancen a bakinka ba. Ban san ko hakan yafewa ce ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba iyalanka, Inna Safiya da Murtala da Rahma, haƙuri. Wanda ya karanta wannan, in ya yi maka addu'a, ya roƙa mini Allah Ya sa ka riga ka yafe.