Tarkon da Na Ɗana wa Ogana a Takardar Sakamako

A farkon shekarun dubu biyu ni saurayi ne mai ji da kansa, ina rubuta manhaja a wani ɗan shagon kwamfuta a unguwar Laranto. Ogana kuwa ban da zaƙin baki babu abin da ya iya. Wata makarantar kuɗi ta ba mu aikin manhajar fitar da sakamakon ɗalibai, na yi wata huɗu a kanta. Ana zuba maki a rumbun bayanai, sai wani abin tsara rahoto ya jera su a takarda. Kafin ya buga kowane layi yakan tsaya ya bi umarnin da aka rubuta masa, ta nan nake sa shi ya fitar da na ɗaya da na biyu.

Ranar miƙa aiki, a gaban mai makarantar, oga ya ce shi ya haɗa komai, ni goge masa injina kawai nake yi. Aka kwashe da dariya. Da na yi ƙorafi a mota, sai ya ce in ƙarasa satin in kama gabana. Wallahi zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Kafin in tafi na shiga wajen umarnin nan na ɗana tarko: daga zango na biyu maki zai zauna daidai a kwamfuta, amma a takarda na ɗaya zai koma na ƙarshe. Na san ko shekara zai yi yana lalube ba zai gano ba. So nake a yaga masa rigar mutunci a bainar jama'a.

Tarko ya tashi. Hedimasta ya sa hannu bai duba ba, iyaye suka cika makarantar da hayaniya. Oga ya zo ya danna nan ya danna can, ya rantse manhajarsa ba ta kuskure, wai malamar da ke buga takardun ce ta karɓi na goro ta juya su. Aka kore ta. Labari ya iske ni, na ja bakina na yi shiru, don in na yi magana ni za a kama.

Bayan shekara biyu na ga malamar a kasuwar Farin Gada tana kasa tumatir. Ita ta fara gane ni, don ta san ni tun ina yi musu aikin manhajar. Ta kira ni ƙaninta, ta ce babu makarantar da ta sake ɗaukar ta, kuma ta san da ina nan da na wanke ta. Na sayi tumatir, har gyara ta ƙara min, na karɓa.

Har gobe ban yafe wa oga ba, in na hango motarsa sai na yi tsaki. Amma masu irin sana'armu, ku ji ni: kada ku zuba fushinku cikin aikin da wasu za su zauna a gabansa. Mai baki zai zame, hannun da ya danna ne zai amsa. Oga ya wulaƙanta ni na rana ɗaya, ni na raba baiwar Allah da aikinta, kuma har yau tana ganina mutumin kirki.