Hawainiyar Maigidana

Maigidana ya rasu da kaka, ba a gama yankan gero ba. Har yau idan aka ambace shi kuka nake yi, kuma ba na ɓoyewa. Maƙwabciyata da ke rubuta mini wannan, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ta ce in share hawaye tukuna. Na ce ta rubuta haka nan, ba ƙarewa za su yi ba.

Maharbi ne shi. Zabbi da zomaye yake samowa a dajin bayan Matankari. Harsashi na da wuyar samu, shi ya sa ba ya yar da kwanso. In ya harba sai ya tsinto, ya kawo gida ya sake ɗurawa. Da guntun icce da guduma yake yi, har ranar da ya fasa babban yatsa, ya ce ƙarfen ɗuri zai nema.

Tare muka je Dogon Dutsi ranar kasuwa, ni da gyaɗata, shi da buƙatarsa. Maƙerin da muka je wajensa ya fito da ƙarafa biyu. Ɗaya babba ne, daga ƙetare aka kawo shi, da faranti mai juyawa da ramuka kewaye. Ɗayan shi ya ƙera da hannunsa, mariƙi ɗaya, rami ɗaya. Kwanso guda ake sa masa, a ja, a cire, a canja baki, a sake ja.

Na ce, "Maigida, ɗauki babban. Kullum tuwo hucewa yake ina jiranka."

Ya ce, "Uwar yara, yaƙi za ni da zabbi? Harsashi uku nake fita da su. Ukun ma sau da yawa biyu ke dawowa."

Maƙerin ya yi dariya ya ce ƙaramin na masu haƙuri ne. Na ce ai matan masu haƙurin ne ke shan wuya. Ƙaramin dai ya ɗauka. Ya kafe shi a kututture ƙarƙashin rumfa, ni kuma na sa masa suna Hawainiya. Shekara arba'in ina yi masa gori da ita, shi kuma yana zaune yana awon albarushi, yana hura kwanso, kamar mai yi wa jariri wanka.

Ina cikin takaba abin ya zo. Autana kabu-kabu yake yi, daga Dogon Kiriya har bakin iyaka, kuma ya koyi ɗuri wajen ubansa. Kowa ya san shekarun nan akwai masu shiga daji da bindiga waɗanda ba zabbi suke nema ba. Wani hantsi sai ga auta ya shigo da baƙo, mai tsabtar riga da baƙin gilashi. Ya yi mini ta'aziyya a tsaye, idonsa na kan kututture.

Ya ce, "Inna, an ce ɗanki ya gaji hannu. Aiki zan ba shi, ya riƙa cika mana kwanso. Kaya mu za mu kawo."

Ban tambayi su wa ne "mu" ba. Na riga na san amsar. Wanda ya fara yi musu ɗuri ba ya bari, sai jandarma sun ɗauke shi ko a kawo gawarsa. In kuma na ce a'a, ga shi ya ga gida, ya ga ƙofa. Mijina bai cika wata biyu a ƙasa ba, ga ɗana za a ɗauke mini ina zaune a tabarma.

Na ce, "Auta, nuna wa baƙo yadda take aiki."

Ya zauna inda ubansa ke zama. Ya hura kwanso, ya auna, ya zubar, ya sake aunawa. Ya ja mariƙi, ya cire, ya tashi neman ɗayan bakin cikin jakar fata.  Na lura ya fi ubansa nawar hannu, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Baƙon ya duba salularsa sau biyu kafin kwanso ɗaya ya cika.

Ya ce, "Kai, nawa kake yi kafin azahar?"

Auta ya ce, "Baba uku yake yi."

"Uku! Inna, wannan ai abin wasan tsofaffi ne. Babu irin mai farantin nan, mai juyawa?"

Na ce, "Akwai, ɗana. Mun baro shi kasuwa shekara arba'in da suka wuce. Ni ma na ce a ɗauka, aka ƙi."

Ya yi tsaki, ya fita bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Ko auta bai jira ya mai da shi ba, a bakin hanya ya tsai da wani babur. Bai sake dawowa ba.

Auta ya daɗe zaune da kwanson a hannu. Can ya ce, "Inna, sai da muka kusa gida na gane abin da yake so." Ban bincika ko gaskiya ne ba. Na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza, har maƙwabta suka shigo suna zaton wata rasuwa ce.

Da na fita takaba, na sa auta ya kai bindigar da sauran albarushi wajen sarkin maharba. Hawainiya kuwa na hana a cire ta. Na gano tana fasa ƙwallon aduwa da kyau, ɗaya bayan ɗaya, ba ta murƙushe ƙwayar. Nan nake zama da la'asar ina fasawa, har in ji ƙarar babur ɗin auta ya shigo zaure.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Ban taɓa ce wa maigida ya yi zaɓi mai kyau ba, ko sau ɗaya. Malama, rubuta shi nan: ya yi.