Rayuwar Malam Mahdi Tafinta da Hoton Ƙwaƙwalwarsa

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Mahdi Sirajo a garin Guci a shekarar 1957. Mahaifinsa Malam Sirajo manomi ne, sunan mahaifiyarsa Hinda. Ya yi karatun allo a gida, ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a Dungas a 1964, ya kammala kwaleji a Magariya a 1974.

Aiki da iyali

A 1978 aka ɗauke shi tafinta a gidan shari'a na Magariya, inda ya shekara talatin da tara yana isar da maganar manoma da makiyaya ga alƙalai cikin Hausa da Barbarci da Faransanci. Ya auri Rashida 'yar Waca a 1981. Babbar 'yarsu ta ci sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake kiranta. Ita ce ta yi karatun na'urorin hoton jiki a ƙasar waje.

Jinya

A watan Maris na 2019 ciwon kai da farfaɗiya suka kama shi. A Yamai aka gano ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, daf da inda magana take. 'Yarsa Hinda ta raka shi wani asibiti a ƙetare, yana ɗauke da fasfo, carbi, riga biyu da ƙullin garin kuka.

Kafin tiyata aka sa shi cikin na'urar IRM mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka umurce shi ya riƙa kiran sunayen dabbobi a zuciyarsa, don a ga wurin da zai haska. Gefen ƙarin bai haska ba. Likitan ya ce ana iya yankewa ba tare da an taɓa magana ba.

Hinda ba ta natsu ba. Ta bayyana wa mahaifinta cewa na'urar ba tunani take gani ba, ƙaruwar jini take aunawa a wurin da ke aiki. Jijiyoyin jinin da ke kusa da ƙari sukan lalace, su kasa buɗewa, sai wurin ya fito duhu alhali yana aiki.

"To Uwata, magana tana nan ko ba ta nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Shekara tara kina karatun ban sani ba?"

Kwana uku ya yi bai ci abincin kirki ba. A na huɗu ya sa aka rufe ƙofar ɗakin, ya ce wa likitan da Faransanci a ba shi magani kawai, ba za a yanka ba.

Rasuwa

Ya rasu a Magariya ranar Talata, 6 ga Oktoba 2020, yana da shekara sittin da uku. Da bakinsa ya yi wasiyya, kwana biyu kafin cikawa. Babu wanda ya san ko hoton ya yi gaskiya, ko shekara nawa tiyatar za ta ƙara masa. An binne shi a Guci bayan sallar la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Hinda, Idrisa, Fadi da Rabilu.