Ranar da Daɓe Ya Yi Gumi

Abdulrauf ɗan Fagge ne. Karatu ya kawo shi Guangzhou, ƙwallo ta ƙwace shi. Ba ta fili ba, ta cikin zaure, wadda ake bugawa biyar-biyar a kan daɓen katako. Mu masu sarin kaya a kasuwar Shahe har ciniki muke ajiyewa mu je kallonsa. In ya taka ƙwallo da tafin ƙafa, sai ka rantse da danƙo aka liƙa ta.

Garin nan, bayan sanyi ya wuce, akwai lokacin da iska ke cika da danshi, bango da ƙasa su yi ta gumi. 'Yan gari garƙame tagogi suke yi. Mu kuwa a gida, abu in ya jiƙe iska ake ba shi. Rannan Abdulrauf ya riga kowa zuwa zaure, ya ji laima a ƙasa, ya bubbuɗe tagogi don daɓe ya bushe. Ashe ruwa ya gayyato. Ana fara wasa santsi ya kwashe shi, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Bai ƙara bugawa ba. Na yi masa kuka, ba na ɓoyewa.

Da ƙyar wata kwaleji ta ɗauke shi koci, kuma izinin zamansa a ƙasar a kan aikin ya rataya. Kafin kowane wasa sai ya durƙusa da gurguwar ƙafar nan, ya shafa daɓe da tafin hannu. Ɗalibai suka sa masa Malam Taimama.

Bana suka kai wasan ƙarshe. Mai kula da wasanni na kwalejin bai ɓoye masa ba: ko kofi, ko a nemi wani kocin. Ranar kuwa danshi ya sauko. Abdulrauf ya shafa daɓe, hannu ya fito jiƙe. Aka goge, gumin ya dawo. Ya roƙi a ɗaga wasan, aka ƙi. Sai ya ce yaransa ba za su shiga ba.

Kaftin ɗinsu, Mas'udu, ɗan Damagaram, ya biyo shi.

"Koci, don Allah ka bar mu. Za mu bi a hankali."

"Santsi bai san a hankali ba," in ji Abdulrauf.

"To aikinka fa?"

"Ku sa takalmanku na waje."

Aka miƙa wa abokan karawa kofi. Ba a sabunta masa aiki ba, wata mai zuwa zai koma Kano.

Na je masa jaje, ina ta faɗa, na ce wannan taurin kai da me ya yi kama. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce a ranar wasan, Mas'udu ko sallama bai yi masa ba, ya fice a fusace.

"Na tsaya ina kallonsa yana sauka daga bene," ya ce. "Alhaji, bibbiyu yake tsallake matakala, gwiwarsa ƙalau."