Kunnen Baba

A shekarar farin da ya cinye rabin shanunmu kunnen Baba ya toshe. Lokacin ina koyarwa a firamare a Gaya, duk ƙarshen mako nakan hau keke in je gida Toranke. Sai in tarar da shi a ƙofar gida, ana hira yana bin bakin mutane da ido. In an yi dariya, ya yi murmushi a makare. Daga baya ma ya daina fitowa.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da bai taɓa so ba. Duk matacciyar rediyon da na gani sai na karɓo ta, in farke cikinta in ciro abin da ke da sauran rai. Gwangwanayen madara cike suke a ɗakina da taransisto, da wayar jan ƙarfe, da 'yan ƙananan abubuwan nan masu zoben launi kamar dutsen wuya. Baba yakan ce, "Malami guda, ka koma tsince-tsince a juji."

Wani tsohon soja mai gyaran rediyo a kasuwar Gaya na kai wa kukana. Ya ɗauko ƙaramar lasifika ya ce, "Malam, wannan baki ce, amma in ka juya aikinta tana ɗaukar magana. Haɗa ta da ɓangaren da ke ƙara sauti, ka kai waya kunnen tsoho." Ya zana mini a bayan kwalin sukari.

Ba mu da lantarki. A garwashi nake gasa ƙarfen liƙi, in narka dalma da shi. Taransisto biyu na kashe kafin na gane zafi ne ke cinye su, sai an riƙe ƙafarsu da filaya. Na koyi kankare waya da reza har ta yi ƙyalli, in ba haka ba dalma ba ta kamawa. Na kuma koyi zana inda kowace waya take kafin in tsinke ta, bayan da na ɓata mako guda ina neman mazaunin guda ɗaya. Da na gama, na jera komai a cikin gwangwanin alewa, na huda murfin da ƙusa.

Ranar Asabar da hantsi na kai wa Baba. Yana tsakar gida, Inna tana tankaɗe a gefe. Ya juya gwangwanin ya ce, "Wannan kuma wane shirme ne?" Na durƙusa na sa masa abin saurare a kunne. Da farko ƙara ta tashi har ya zabura. Na rage, na matsar da gwangwanin nesa da shi.

Na ce, "Inna, yi masa magana."

Kunya ta kama ta, don ba ta saba yi masa magana a gabanmu ba. Ta share hannu da zani, ta sunkuyo ta ce, "Malam, ka sha furar?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Sake faɗa." Ta sake. Ya ce, "Ashe muryarki ta tsufa." Inna ta rufe fuska da gefen mayafi, ni kuma na fice zaure.

Damina ɗaya ya yi da shi. Yakan rataya gwangwanin a wuya ya je masallaci, yakan kashe shi da kansa don kada batir ya ƙare a kan surutun banza. Bai taɓa yaba mini ba, sai dai ya ce wayar ta saki, in zo in duba.

Ya rasu bayan an yanke gero. Da aka yi sadakar arba'in Inna ta ce in ɗauki gwangwanin in kai wa amininsa a Gafasa, wanda shi ma kunnensa ya toshe. Na kai, na gwada har la'asar, bai ji komai ba. Ya riƙe hannuna ya yi wa Baba addu'a da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, na amsa da amin, na hau kekena.