Sunan da Dada Ba Ta Taɓa Kira Ba

Shekara goma ke nan cif da rasuwar yayana, Hamma Sa'idu, kuma har yau in na ratsa kasuwar Jimeta sai in ji ƙafata na sauri ba da izinina ba. Malamin firamare ne a Ngurore. Ya shigo gari ne sayen takalmin makaranta wa 'yarsa Fadimatu, bam ya tashi, aka kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi. Mun yi kuka, mun karɓi gaisuwa, muka ce Allah ya jiƙansa. Ban san cewa wata doguwar tafiyar ce za ta fara ba.

Ma'aikacin gwamnati in ya rasu yana bakin aiki, akwai haƙƙinsa da ake ba iyalinsa. Wanda ya rubuta a matsayin magajinsa ne kawai zai je ya karɓa. Hamma ya kama aiki yana saurayi, don haka mahaifiyarmu Dada ya rubuta. Ya yi aure, ya haihu, bai koma ya gyara ba. Kullum sai gobe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa ya san ranar tafiyarsa?

Hamma shi ne ɗan farin Dada, ita kuwa Bafulatanar Yola Gari ce ta asali. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce "Hammanku", ko "wancan". Shi kuma ya mayar da abin wasa. Zai kawo mata goro ya tsuguna ya ce, "Dada, wa ya kawo miki wannan?" Ta kau da kai ta ce, "Wani marar jin magana." Ya yi ta dariya, ya ce wata rana sai ya kama ta.

Bayan matarsa ta fita takaba na ɗauki Dada zuwa ofishin da ake tantance iyalan mamata. Wani jami'i matashi ya dube ta ya ce, "Mama, mene ne sunan ɗanki?" Dada ta sunkuyar da kai. Na yi wuf na faɗa, ya ce ba ni ya tambaya ba. Ya sake tambaya, shiru. A lokacin an sha kama masu hayo tsofaffi su zo su yi ƙaryar su ne iyayen mamaci, to ga tsohuwa ta kasa faɗin sunan ɗan da ta haifa. Na yi bayani har muryata ta dushe. Ya ture fayil ɗin gefe ya ce a shigo da na gaba.

Ina jin haushin yaron nan har yau, ko da yake na san aikinsa yake yi. Na fi jin haushin Dada. Duk lokacin da aka kafa sabon kwamiti aka ce a zo tantancewa, sai na je na roƙe ta, ita kuma amsarta ɗaya: "Yana da rai ban kira ba, sai ya mutu zan kira don kuɗi?" Na taɓa ɗaga mata murya, ta yi wata guda ba ta ci abin da na aika ba. Matar Hamma ta riƙe yara da sayar da ƙosai da kunun gyaɗa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mu dai mun hura wuta shekara goma, romo bai fito ba.

Nakan tambayi kaina me Hamma zai ce da ya leƙo yau. Zai ga an daina caje jakunkuna a ƙofar masallaci, kasuwa ta cika kamar ba a taɓa kwasar gawa a cikinta ba. Zai ji kuɗin mudun masara ya riƙe baki. Na tabbata kuma zai yi mini tsiya, ya ce ni da bokona na kasa shawo kan tsohuwa ɗaya. Amma in ya ga Fadimatu, ba zai yi dariya ba. Yarinyar da ya fita saya wa takalmi ta samu gurbi a jami'a bana, har ta je Sangere, unguwar da ke bakin jami'ar, ta ga ɗakin da za ta kama. Kuɗin rajista ne babu, kuma ƙarshen watan nan za a rufe.

Ban ce wa Dada komai ba, na gaji. Ita ce ta aiko a kira ni, na same ta ta yafa mayafi. Ta ce, "Yarinyan nan zai yi karatu. Kai ni wurinsu."

Muna zama gaban teburin masu tantancewa, tun ba a tambaye ta ba, ta ɗago kai ta ce, "Sunan ɗana Sa'idu." Hannunta ya damƙe nawa. Wata jami'a ce yanzu a wurin, ta yi murmushi ta ce, "Ayya Mama, ai an daina wannan. Yatsa kawai za ki dangwala." Dada ta dangwala. Aka ce mu je, za a neme mu.

A cikin keke muna komawa, mun kusa gida sai Dada ta juyo gare ni. Ta ce, "Sa'idu bai taɓa barin gorona ya yanke ba." Na juya fuskata waje na yi irin kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ya kama ta dai, kamar yadda ya ce, amma ba ya nan balle ya yi dariya.

Abin da ya rage mana na Hamma bai da yawa: ɗalibansa da ke tsayar da ni a hanya, 'yarsa mai irin taurin kansa, sai kuma sunan da yanzu Dada ke kira safe da yamma kamar mai rama bashin azumi. Kullum ina duba waya, shiru. Wata kuma yana ta tafiya.

In akwai mai karanta wannan a cikin waɗanda fayil ɗin ke hannunsu, ina roƙonsa ya ɗaga shi ya duba. Tsohuwar nan ta ba ku abin da ta hana ɗanta duk tsawon ransa. Sunansa Sa'idu, kuma mahaifiyarsa ce ta faɗa muku da bakinta.